Na haɗa dikoda da kwamfuta da wayar HDMI, me ya sa hoto bai fito ba?

"Assalamu alaikum Malam. Talabijin ɗina ya lalace, kuma a halin yanzu ba ni da ikon sayen wani. Ina da dikoda mai aiki lafiya, ina kuma da kwamfutar tafi-da-gidanka mai kafar HDMI. Na sayi wayar HDMI na haɗa su, babu abin da ya fito. Na canja wata wayar, shiru kake ji. Shin akwai manhajar da zan sauke ne, ko kuwa kwamfutar ce ke da matsala? In da hali kuma, ina so in riƙa naɗar wasu shirye-shirye in kalla daga baya."

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Idan na fahimce ka da kyau, abu biyu kake nema a lokaci guda: fuskar kwamfutarka ta maye gurbin talabijin, sannan ita kwamfutar ta zama ma'ajiyar shirye-shiryen da ka naɗa. Dukansu suna yiwuwa, amma ba ta hanyar da ka bi ba, kuma kowanne yana da sharaɗinsa. Kafin komai ka kwantar da hankalinka, domin abin da ka bayyana ba alamar lalacewa ba ce. Wayoyin biyu da ka saya mai yiwuwa lafiyarsu ƙalau, haka kwamfutar, haka dikodar. Babu kuma manhajar da za ka sauke ta warware wannan, saboda matsalar tana cikin yadda aka ƙera kafar ne, kuma manhaja ba ta sauya abin da aka riga aka ɗora a kan allon cikin na'ura.

Kafar HDMI hanya ɗaya take bi

Tun da aka fitar da tsarin HDMI a ƙarshen shekarar 2002, an gina shi ne a kan cewa a kowane haɗi akwai mai aikawa da hoto, akwai mai karɓa. Dikoda mai aikawa ce. Talabijin, majigi da monita (fuskar kwamfutar tebur) masu karɓa ne. Kafar da ke gefen kwamfutarka, duk da cewa siffarta ɗaya da ta bayan talabijin, an jona ta ne da ɓangaren da ke sarrafa hoto a cikin kwamfutar domin ta fitar da shi waje, wato ita ma mai aikawa ce. Abin da ka yi ya yi kama da mutumin da ya ɗauki tiyo ya haɗa bakin famfo da bakin wani famfon, yana jira ya ga ruwa ya taru, alhali babu bokiti a tsakani.

Akwai ƙarin dalili. Fuskar kwamfutar tafi-da-gidanka tana karɓar hotonta ne ta wata siririyar waya ta daban da ke bi ta cikin mahaɗin murfin, kuma babu wata hanya da ta taso daga kafar HDMI ta nufi wannan fuskar. Sannan duk lokacin da aka jona dikoda da talabijin, akwai gajeriyar magana da ke gudana tsakaninsu kafin hoto ya fito: dikodar tana karanta bayanin da talabijin ya ajiye game da kansa, ta san girman hoton da yake iya ɗauka da irin sautin da yake karɓa, sannan ta fara aikawa. Da ka jona ta da kwamfuta, ta yi sallama ba wanda ya amsa.

An taɓa yin wasu 'yan kwamfutoci masu kafar karɓa, kamar wasu manyan samfuran Alienware na masu wasan bidiyo, da kuma wasu kwamfutocin tebur waɗanda aka haɗe injinsu da fuskarsu wuri guda. Irin waɗannan za ka ga an rubuta HDMI IN ɓaro-ɓaro kusa da kafar. Idan ba ka ga wannan rubutu ba, ka ɗauka taka ta fitarwa ce. Haka hukuncin yake ga kafar VGA da DisplayPort. Ina kuma so ka kiyayi ƙaramin adaftan nan mai USB-C a gefe guda da HDMI a ɗaya gefen, domin shi ma daga kwamfuta zuwa talabijin yake aiki, kuma mutane da yawa suna sayen sa da zaton zai shigo da hoto.

Wani bawan Allah ya taɓa zuwa wurina da wayoyin HDMI uku a cikin leda, kowacce ta fi ta baya kauri, ta ƙarshen ma har da bakin ruwan zinariya, yana ƙorafin cewa duk jabu aka sayar masa. Na ɗauki mafi sirantar cikinsu na jona dikodarsa da wata tsohuwar monita da ke kan teburina, nan take tasha ta fito. Ya daɗe yana kallon ledar hannunsa bai ce komai ba.

Idan kallo kawai kake so

Wannan labarin ya kawo mu ga hanya mafi sauƙi, wadda nake fara ba kowa shawara a kanta. Idan kana iya samun monita, ko da tsohuwa ce ta kwamfutar tebur, to ba ka bukatar kwamfutar kanta sam. Monita mai kafar HDMI tana karɓar dikoda kai tsaye kamar talabijin. Mai kafar DVI ma tana yi da ƙaramin adafta, domin siginar hoton DVI da ta HDMI dangin juna ne, sai dai sauti ba zai bi ta nan ba. Mai VGA kaɗai kuwa tana bukatar na'urar juyi mai ɗan inji a ciki, wadda ke mayar da siginar dijital zuwa ta analog, kuma dole ka tabbatar ta HDMI zuwa VGA ce, domin akwai ta akasin haka kuma ba sa musanya aiki.

Abu biyu ne ke yawan ba da wahala a nan. Na farko sauti: monita da yawa ba su da lasifika, don haka sai ka ɗauko sautin daga kafofin ja da fari na bayan dikodar zuwa ƙananan lasifikoki, ko daga ramin abin sauraro na monitar idan tana da shi. Na biyu shi ne wasu monitoci ba sa karɓar tsarin hoton da ake kira 1080i, wanda yawancin dikodoji ke fitowa da shi daga masana'anta, sai su rubuta cewa siginar ta fi ƙarfinsu ko su yi baƙi ƙirin. Maganinsa shi ne a jona dikodar da wani talabijin na ɗan lokaci, a shiga saitin hoto a mayar da shi 720p ko 1080p. Wasu rimot ɗin suna da maɓallin da ke sauya wannan kai tsaye ba tare da shiga menu ba.

Shigo da hoton cikin kwamfuta

Idan kuwa dole sai a fuskar kwamfutar tafi-da-gidanka, to abin da ya rage shi ne ka sa bokitin nan a tsakani. Sunansa na'urar kama bidiyo, kuma a jikin kwalinta yawanci za ka ga an rubuta HDMI Video Capture. Ƙaramarta ba ta fi filash girma sosai ba: gefe guda kafar HDMI ce mai karɓa, inda wayar dikoda za ta shiga, ɗaya gefen kuma USB ne da za ka soka a kwamfuta. Ita ce ke amsa sallamar dikodar a matsayin talabijin, ta karɓi hoton, ta miƙa wa kwamfuta shi a siffar da ta sani. Yawancinsu suna bin tsarin da kyamarorin USB ke bi, saboda haka Windows, macOS da Linux suna ganin su a matsayin kyamara ba tare da an sa direba ba, wato ƙaramar manhajar da ke sa kwamfuta ta gane na'ura.

Daga nan sai manhaja, kuma a nan ne tambayarka ta manhaja ta sami gurbinta. OBS Studio kyauta ce, kuma ita na fi amfani da ita: ka ƙara na'urar a matsayin tushen bidiyo, ka zaɓi girman hoto, ka buɗe shi ya cika fuska. VLC, manhajar kallon bidiyo, ita ma tana iya buɗe ta. Abin da ke rikita sababbi a OBS shi ne su ga hoto, su ga ma'aunin sauti yana motsi, amma ba sa jin komai. Dalili shi ne manhajar an yi ta ne domin naɗa da watsawa, don haka sai ka shiga saitin sauti ka kunna sauraro da kanka kafin muryar ta fito ta lasifikar kwamfuta.

Game da wadda za ka saya, akwai lissafin da ya kamata ka riƙe. Hoton 1080p mai firam 60 a daƙiƙa, wato hotuna 60 da ke bin juna a kowace daƙiƙa, idan ba a matse shi ba, yana cin kusan gigabit 3 a kowace daƙiƙa. USB 2.0 kuwa iyakarsa megabit 480 a daƙiƙa, wato bai kai kashi ɗaya cikin shida na abin da ake bukata ba, yayin da USB 3.0 ke kaiwa gigabit 5. Shi ya sa ƙananan na'urorin USB 2.0 suke matse hoton sosai, kuma a 1080p ba sa wuce firam 30. Ga labarai, wa'azi ko fim, wannan ya wadatar. Ga ƙwallon ƙafa kuwa ido yana ganin bambancin, domin motsin ƙwallon yakan riƙa tsinkewa, kuma a irin wannan hali na fi son in sauke hoton zuwa 720p in sami firam masu yawa. Kada launin shuɗi na bakin USB ɗin ya ruɗe ka. Na sha buɗe masu shuɗin baki da aka rubuta wa 3.0 na tarar cikinsu 2.0 ne. Akwai kuma ɗan jinkiri tsakanin danna rimot da ganin sakamako a fuska, wanda ba ya hana kallo amma za ka lura da shi.

Idan hoto ya shigo, naɗa ba wuya, maɓalli ɗaya ne. Ka dai tanadi wuri, domin bidiyon da aka naɗa a kan megabit 6 a daƙiƙa yana cin kusan gigabayit 2.7 a awa guda.

Katangar da ake kira HDCP

Ga inda nake so ka tsaya ka yi nazari kafin ka kashe ko sisi, domin a nan ne yawancin masu wannan yunƙuri suke yin asara. Ba ka faɗa mini ko dikodarka ta tashoshin kyauta ce ko ta kamfanin da ake biya duk wata ba, kuma amsar ta rataya a kan wannan.

Akwai wani tsarin kariya da kamfanin Intel ya ƙirƙiro mai suna HDCP, wanda aikinsa shi ne ya kulle hoton da ke bi ta wayar HDMI, ta yadda sai na'urar da ke da makullin da aka amince da shi za ta iya buɗewa. Talabijin da monita na zamani suna da wannan makulli, shi ya sa ba ka taɓa sanin da shi ba. Na'urar kama bidiyo kuwa, tun da aikinta kwafa ne, ƙa'idar tsarin ba ta yarda ta miƙa wa kwamfuta hoton da aka kulle ba. Dikodojin kamfanonin biya kusan duk suna kunna wannan kariya, saboda yarjejeniyar da ke tsakaninsu da masu fina-finai da masu haƙƙin wasanni ta wajabta musu haka. Alamarsa a aikace ita ce ka ga tambarin dikodar ya bayyana lokacin da take tashi, ka fara murna, sai fuska ta yi baƙi, ko ta riƙa ƙyaftawa, ko wani saƙo ya fito yana ambaton HDCP. Dikodojin tashoshin kyauta kuwa da yawansu ba sa kunna shi, kuma da su na'urar kama bidiyo takan yi aiki salin-alin.

Za ka ji ana maganar wasu na'urorin raba sigina da ke cire wannan kariya. Ba na ba da shawarar bin wannan hanya. A ƙasashe da dama doka ta hana karya kariyar haƙƙin mallaka, yarjejeniyar da ka amince da ita lokacin rajista ma yawanci ta hana, kuma ko a fannin aiki abu ne marar tabbas, wanda ya yi yau yana iya ƙi gobe. Mai dikodar biya yana da hanyoyi biyu masu tsabta: monita, wadda ke da makullinta na halal, ko kuma ya duba ko kamfaninsa yana ba masu rajista damar kallon tashoshinsu ta intanet, kamar yadda da yawa suke yi yanzu. Wannan ta biyun ba ta bukatar dikodar ma, sai dai tana cin data.

Tsohuwar hanyar wayoyi uku, rawaya da fari da ja, ita ma tana nan. Akwai na'urorin kama bidiyo na USB masu karɓar su, kuma HDCP bai shafi wannan kafa ba tun da analog ce, ko da yake wasu dikodojin suna da wata kariyar ta daban a kanta. Sai dai hoton ba ya wuce layuka 576 a tsarin PAL ko 480 a NTSC, wato tsaruka biyu na hoton talabijin na analog, kuma a fuskar kwamfuta, da mutum ke zama dab da ita, dusashewarsa tana fitowa fili. Idan ka gwada ka ga hoto fari da baƙi ko yana birgima, ba lalacewa ba ce. Manhajar tana kan NTSC ne alhali dikodar PAL take fitarwa, ko akasin haka.

Sauran kafofin bayan dikoda

Kafar USB da ke jikin dikoda ba ta fitar da hoto. An yi ta ne domin filash, ko faifan ajiya, ko ƙaramin adaftan wayfay, ko sabunta manhajar cikinta. Ina roƙon ka kada ka nemi waya mai baki iri ɗaya a gefe biyu ka haɗa ta da USB ɗin kwamfuta, domin kowannensu yana turo wutar bolt 5, kuma haɗa su na iya ƙona ɗaya. Amma wannan kafa tana iya biya maka bukatarka ta biyu cikin sauƙi: dikodojin kyauta da yawa suna naɗar shiri kai tsaye a filash, galibi a fayil mai ƙarshen .ts, wanda VLC ke buɗewa a kwamfuta. Wannan naɗin ya ma fi na na'urar kama bidiyo kyau, saboda ainihin abin da tashar ta aiko ne aka ajiye ba tare da an sake matse shi ba. Idan filash ɗin yana kan tsarin ajiyar fayil na FAT32, fayil ɗaya ba ya wuce gigabayit 4, shi ya sa za ka ga dogon shiri ya rabu gida-gida. Naɗin dikodar biya kuwa a kulle yake, ita kaɗai ke iya karanta shi.

Kafar nan mai ƙananan ƙusoshi tara da ake gani a tsofaffin risiba (wato dikoda), RS-232, ta masu gyara ce, da ita ake loda manhaja ko jerin tashoshi. Kafar LAN kuma a yawancin dikodoji ta shiga intanet ce kawai, amma a risibobin da ke aiki da Linux a kan tsarin Enigma2, irin su Dreambox da Vu+, tana yin ainihin abin da kake so: ka jona risibar da rauta, wato na'urar raba intanet a gida, ka rubuta adireshinta a burauzar kwamfuta, ka zaɓi tasha, ta buɗe a VLC. Idan taka irin wannan ce, ba ka bukatar sayen komai.

Akwai kuma hanyar ajiye dikodar gefe ɗaya gaba ɗaya, a sayi tiyunar talabijin ta USB, a jona mata wayar eriya ko ta dish, kwamfutar ta zama ita ce dikodar. Sharaɗin shi ne tiyunar ta dace da tsarin watsawar inda kake: DVB-T2 ga eriya a yawancin Turai da Afirka da sassan Asiya, ATSC a Amurka, ISDB-T a Japan da Brazil, DVB-S2 ga tauraron ɗan'adam. Ka lura da lambar 2 ɗin nan, domin tsofaffin tiyunoni masu DVB-T kaɗai ba sa ganin tashoshin DVB-T2 ko kaɗan. Wannan hanya tana ba da hoto mafi tsabta da damar tsara naɗi bisa lokaci, amma yawanci tashoshin kyauta kawai za ta buɗe, kuma saita ta yana bukatar haƙuri fiye da sauran.

Abin da zan yi da ni ne kai

Ban ga dikodarka ba, ban kuma san samfurinta ba, don haka ba zan iya yanke maka hukunci daga nesa cewa tana kunna HDCP ko ba ta kunnawa ba. Ko dikodoji biyu na kamfani ɗaya sukan bambanta. Idan ta biya ce, zan nemi monita mai HDMI in huta, domin ko ta hannu ce za ta ba ka hoto mafi kyau, ba jinkiri, ba kuma sai kwamfuta tana kunne tana zafi ba. Idan ta kyauta ce, zan fara soka filash in gwada naɗi, sannan in nemi na'urar kama bidiyo, da sharaɗin a bar ni in gwada ta da dikodata kafin ciniki ya faɗa, ko a yarda in mayar idan ta ƙi.

Kowace hanya ka bi, ka kashe dikodar daga soket kafin ka soka ko ka zare wayar HDMI. Wayar dish tana ɗauke da wutar bolt 13 ko 18 da risiba ke tura wa kan dish ɗin, kuma inda ba a yi wa wutar gida haɗin ƙasa mai kyau ba, jikin dikodar kansa yakan tara wata 'yar wuta, irin wadda ke ɗan cizon yatsa idan ka taɓa bakin wayar. Na taɓa ganin ɗan tartsatsi ya tashi a daidai lokacin da bakin HDMI ya taɓa kafar wata kwamfuta, kuma daga ranar kafar ba ta sake fitar da hoto ba, gyaranta kuwa sai an taɓa babban allon ciki. Ka haɗa wayoyin duka tukuna, ka sa dikodar da cajar kwamfutar a soket ɗaya idan zai yiwu, sannan ka kunna. Idan ka turo mini sunan samfurin da ke rubuce a ƙasan dikodar da jerin kafofin da ke bayanta, zan iya gaya maka wacce daga cikin hanyoyin nan ta fi dacewa da ita.